Abin da Rana Ta Karɓa a Sabha

A Agadas na fara gane cewa ranar da na taso ina gudun zafinta a Kibiya ƙaramar ƙanwa ce, babbar yayarta tana can gaba tana jirana. Mun sauka a wani gida da ake tara masu jiran motar Libiya. Gidan babu bishiya ko ɗaya, inuwarsa ta katanga ce kawai, ita ma da azahar sai ta janye ta bar mu. Mutane suna kukan ƙishirwa da tsadar abinci, ni kuwa bayan hannuna nake dubawa, ina ganin yadda ya fara ja.

Ni zabiya ne. Sunana Hamisu, amma in ka shiga Kibiya ka ce Hamisu kake nema sai ka sha yawo. Ka ce Bature, yanzun nan a nuna maka gidanmu. Ba a kaina aka fara ba a danginmu. Kawu Ɗanjuma, ƙanen mahaifiyata, shi ma haka Allah ya yi shi, kuma manomin gyada ne da ake labarinsa har Rurum. In aiki ya yi zafi yakan tuɓe riga ya rataye a kan kara kamar kowane namiji, don a wajenmu wanda ya yi noma da riga a jiki cewa ake kallo ya zo. Bai taɓa barin layi bai ƙarasa ba, ko rana za ta narkar da shi. Wata shekara ɗan ƙurji ya fito masa a ƙeya. Aka sa saiwa, aka sa toka, aka sha rubutu. Ƙurjin ya zama gyambo, gyambon ya ci wuya. Inna ce ta yi ta wanke masa har ranar da ya cika, ni ina riƙe mata ƙwaryar ruwa. Warin ɗakin nan har yau bai bar hancina ba.

Daga nan Inna ta raba ni da gona. In ana gayya, sa'o'ina suna tsakiyar fili suna tsere da fartanya, ni ina gindin ɗorawa ina gadin fura. Na girma a shagon wani mai kayan masarufi, ina auna sukari a inuwa, har gemu ya fito mini ba ni da abin da zan nuna in ce nawa ne. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Shi ya sa da Ya'u, abokina mutumin Yalwa ta ƙasar Rano, ya ce zai koma aikin gona a Libiya, na ce ƙafata ƙafarsa. Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, da ta ga ba zan fasa ba ta ba ni malfa mai faɗi da riguna masu dogon hannu. Abu ɗaya ta roƙe ni: "Ban ce ka kawo mini komai ba. Ka dawo mini da wuyanka yadda ka tafi da shi."

To, a Agadas ɗin nan aka fara cutata. Wani mai tebur a kasuwa ya gan ni, ya kira ni da Hausa mai daɗi, ya ce ya tausaya mini, irina ba ya ƙetare Sahara sai da man da Turawa ke shafawa. Ya zaro kwalba mai rubutun Faransanci da hoton mace tana murmushi. Ya rantse cewa in na shafa wannan, ko tsirara na shiga rana ba abin da zai same ni. Na saya da tsada, har ina yi masa godiya. Ya'u ya sunsuna ya ce ai daga ƙamshin ma ka san abin na manya ne.

Ƙetare Sahara ba abin da zan so wa maƙiyina ba ne. An jera mu a bayan mota, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa. Tun a rana ta farko iska ta tsinke igiyar malfata ta yi sama da ita. Na yi ihu a tsaya, direba ko waiwaye bai yi ba. Na bi ta da kallo tana birgima a kan yashi har ta ɓace, na ji kamar hannun Inna aka zare daga kaina. Na laluba jaka na ɗauko hula na sa. Hular Bahaushe kuwa ado ce, ta rufe tsakar kai ta bar kunnuwa da ƙeya a fili. Na ce ba komai, ai ina da man Turawa. Na yi ta shafawa, fata tana zugi, ina cewa aikin maganin ke nan.

A Sabha, garin da muka sauka a Libiya, masu neman aiki kan tsaya a bakin titi da sassafe, masu gonaki su zo da mota su zaɓa. Kallo ɗaya suke yi maka su yanke hukunci. Sukan nuna Ya'u, su nuna na dama da ni, su nuna na hagu, ni su tsallake. Wani ma ya leƙo ta taga ya faɗi wata magana da Larabci, aka yi dariya. Ya'u ya ƙi fassara mini. Sau da yawa yana ƙin shiga mota saboda an ƙi ni, har abin da muka zo da shi ya kusa ƙarewa. Ranar nan ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce laifin shigar tawa ce, na naɗe jiki da dogon hannu kamar mai jinya, wa zai ɗauki mara lafiya? Ya ce in naɗe hannun riga, in buɗe ƙirji, su ga damtse. Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya sani ke nan. Na yi yadda ya ce, kuma ranar aka ɗauke mu tare.

Gonar kankana ce da albasa, can nesa da gari, ruwan famfo ne ke raya ta a tsakiyar yashi. Ma'aikatan yawanci mutanenmu ne, akwai na Dawaki, akwai na wajen Zinder. Aka ba ni fartanya. Wallahi ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba da na riƙe ƙotar nan. Shekara da shekaru ina kallon maza suna wannan aiki daga gindin bishiya, yau ga ni a cikin layi. Da rana ta take, ɗaya bayan ɗaya suka fara tuɓe riguna kamar yadda ake yi a gida. Wani ya waiwayo ya ce, "Bature, kai kallo ka zo?" Aka yi dariya. Na tuna Kawu, na tuna Inna, amma dariyar ta fi su kusa da kunnena. Na tuɓe rigar, na laƙaba man Agadas a kafaɗa da baya, na sunkuya. Ban ɗago ba sai da aka kira azahar, kuma ban bar kowa ya riga ni fita layi ba.

Kafin la'asar bayana ya zama kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Kafin gari ya sake wayewa ya tashi, ƙuraje masu ruwa tun daga ƙeya har ƙugu, kunnuwana sun kumbura, leɓɓana sun tsage. Zazzaɓi ya rufe ni, ina rawar sanyi a cikin wannan zafi. Kwanciya sai rub da ciki. 'Yan uwana suka taru a kaina cike da tausayi, kowa da nasa maganin. Aka tsayar da shawara a fasa ƙurajen da allura, a shafa man girki, kamar yadda tsofaffi ke yi wa ƙuna a gida. Ya'u ya riga ya tsiyaya man a tafin hannunsa, sai ga mai gadin gonar ya shigo.

Baba Agali sunansa, dattijon Buzu ne daga wajen Agadas, dogo, siriri, ba ka ganin komai a fuskarsa sai idanu. Yana jin Hausa irin tasu. Ya riƙe hannun Ya'u, ya tambaye shi ko soya ni zai yi. Ya sa aka kawo ruwa mai sanyi da tsumma mai tsafta, ya riƙa jiƙawa yana shimfiɗa mini a baya, in ya ɗumama ya sake. Ya hana a taɓa ƙurajen, ya ce rufin da Allah ya yi wa ciwon ke nan, in aka fasa ƙazanta ce za ta shiga. Ya yi ta ɗura mini ruwa kaɗan-kaɗan. Da ya ga kwalbar Agadas ya ɗauka ya kai wa ɗan mai gonar da ya yi boko. Amsar da ta dawo ita ce man bilicin ne, irin wanda mata ke shafawa don su yi fari, kuma ba abin da yake yi sai ƙara wa fata laushi rana ta ji daɗin ci. An sayar wa zabiya man ƙara fari. Har ni sai da na yi dariya, duk da leɓɓana suna jini.

Na daɗe a kwance. Da na fara tashi, Baba Agali ya zaunar da ni a ƙofar ɗakinsa yana dafa shayi. Ya ce tun da yake ganin Hausawa a ƙasar nan abu ɗaya ke ba shi mamaki, in zafi ya dame mu sai mu tuɓe. Ya ce su da aka haifa a cikin yashin, in rana ta yi tsanani ƙara tufa suke yi.

"Kai a garinku kana da bishiya," in ji shi. "Nan babu. Inuwarka sai wadda ka ɗauko a jikinka."

Ya ba ni tsohon rawaninsa, ya koya mini naɗawa yadda zai rufe ƙeya da kunnuwa da hanci, ya bar idanu kawai. Ya sa na ɗaga rigunana ɗaya bayan ɗaya ina duban rana ta cikinsu. Wadda haske ya ratsa, ya ce wannan ba riga ba ce, rariya ce. Ya ce riga ta zama mai kauri amma sakakkiya, iska ta riƙa yawo a ciki. Ya yanka tsohuwar safa ya yi mini abin rufe bayan hannu. Sannan ya je da kansa wajen mai gonar ya roƙa a mayar da ni ban ruwa, aikin da ake yi daga asuba zuwa hantsi, a dawo bayan la'asar. Ya nuna mini inuwata a ƙasa, ya ce duk sanda na ga ta gajarce ta fi ni gajarta, in bar abin da nake yi in nemi rumfa, ko da sarki ne ya sa ni aikin.

Mai gonar ba mutumin kirki ba ne sosai, ba kuma mugu ba ne. Ya yarda, amma ya rage mini lada. Abin da ban zata ba, bayan kwana biyu ya miƙo mini wata kwalba daga kantin magani, ya ce matarsa ce ta ce a kawo mini. Ban taɓa ganin matar nan ba, ban san sunanta ba, amma har gobe ina sa ta a addu'a. Wannan shi ne man kare rana na gaskiya. Ɗan mai gonar ya bayyana mini cewa a shafa kafin a fita, a sake shafawa in an yi gumi, kuma ba ya maye gurbin tufa. Ya'u kuwa, duk aikin da ya faɗo mini a tsakar rana sai ya karɓa ya haɗa da nasa, bai taɓa gorantawa ba. Na san yana jin nauyin shawarar da ya ba ni a bakin titi, ni kuma ban taɓa tayar da maganar ba.

Haka na zauna, damina ta wuce a gida, wata ta sake zagayowa. Na iya aikin. Na san yadda ake sakin ruwa ya bi layi ba tare da ya kwashe shuka ba, na san kankanar da ta nuna daga jin ƙararta. 'Yan uwana suka daina ce mini Bature, suka koma Buzu. Amma kewa ta ci ni. Ƙasar nan ba a ruwan sama. Nakan tsaya kusa da famfo don kawai in ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, in rufe ido in ga duwatsun Rano sun yi kore, in ga mata suna tsinkar zogale a bayan gida. In na sami waya na kira Inna, ba ta tambayar aiki, ba ta tambayar abinci. Daga gaisuwa sai ta ce, "Yaya wuyan?" In ce lafiya lau. Gaskiya nake faɗa mata, wuyan ya warke sumul.

Kunnen hagu ne bai warke ba. A samansa akwai wani ɗan wuri da ya yi ɓawo tun ranar ƙunar. Ɓawon ya faɗi, wani ya fito, ya faɗi, wani ya fito. Ba ya ciwo sosai, shi ya sa na ce zai tafi. Rawani ya rufe shi, ni ma na daina dubawa, don na san abin da nake tsoron gani. Inna kuma wuyan kawai take tambaya.

Wata ranar Juma'a muna alwala a bakin famfo, na kwance rawani na shafi kunnuwa, sai na ga jini a yatsana. Baba Agali yana gefena. Ya kama kaina ya juya shi wajen haske, ya daɗe yana dubawa. Ya tambaye ni tun yaushe, na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba. Na ba shi labarin Kawu Ɗanjuma, abin da ban taɓa gaya wa kowa a gonar ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce shi ba likita ba ne, amma ciwon da ya shekara bai rufe ba, ba na rawani ba ne kuma ba na shayi ba ne. Ga shi ba ni da takardar zama, asibitin garin ba wurin zuwana ba ne.

"Ka tafi gida," ya ce. "Kankana za ta nuna ko babu kai."

Saura kaɗan a fara girbi, lokacin da ake samun abin da aka zo nema. Na so in tsaya. Na ce wa Ya'u in na koma yanzu, me zan ce na yi? Za a ce Bature ya je ya kasa. Ya'u ya ce ya taɓa ba ni shawara don gudun abin da mutane za su ce, ba zai ƙara ba. Shi ya nemo mini mota, shi ya raka ni. Da zan mayar wa Baba Agali rawaninsa ya ƙi karɓa, ya gyara mini naɗin da hannunsa, ya ja shi ya rufe kunnen sosai. Ban sake ganinsa ba, ban kuma san ko yana raye ba.

Na iso Kibiya da yamma, a naɗe. Maƙwabta ba su gane ni ba, har wata ta leƙa ta ce wa Inna ga wani Buzu a zaure. Inna ta fito, ta tsaya, ta gane ni daga tafiya. Ba ta bari na gama gaisuwa ba ta ce in kwance rawanin. Na kwance. Ta zaga bayana, ta sunkuyar da kaina, ta bi ƙeyata da yatsu tun daga gashi har kafaɗa, tana cewa alhamdulillahi, alhamdulillahi. Sai hannunta ya hau kunnen. Na ji yatsun sun tsaya.

Da ta yi magana muryarta a ƙasa take: "Haka na Ɗanjuma ya fara."

Na zaci za ta yi kuka, ba ta yi ba. Wata gwaggona ta fara zancen wani mai saiwa a Rurum, Inna ta katse ta, ta ce ta taɓa bin wannan hanya ta ga ƙarshenta. Da safe ita ta riga ni shiga motar Kano. Likitan da ya duba ni ya yanki ɗan nama aka auna, muka koma ya ce ciwon daji ne na fata, amma bai yi nisa ba. Ya ce ba ƙunar rana ɗaya ce ta kawo shi ba, tarin shekaru ne, waccan ranar ta ƙarasa aikin ne kawai. Ya ce da na jira girbi da wani girbin, da maganar ta canja. Suka yanke saman kunnen. Ya gargaɗe ni in riƙa dawowa ana duba ni, kuma duk tabon da ya ƙi warkewa kada in ba shi lokaci. Ranar da aka cire bandeji Inna ta duba abin da ya rage, ta ce ya ishe ni jin magana in na ga dama.

Da damina ta sauka aka kira gayya a gonar maƙwabcinmu. Na tashi da asuba na naɗa rawanin Baba Agali, na sa riga mai kauri, na shafa mai a fuska da hannu. Ina ɗaukar fartanya na ga Inna a tsakar gida tana kallona. Na tsaya ina jiran ta hana ni, don da ta hana da na ajiye. Ta matso, ta ja gefen rawanin ta ƙara rufe kunnen, ta koma wajen murhu.

A gonar an yi mini dariya, an ce Buzu ina raƙuminka. Na shiga layi tare da kowa, kuma ba a bar ni a baya ba. Rana ta ɗaga, maza suka fara tuɓe riguna suna ratayewa a kan kara. Na duba ƙasa, inuwata ta fara shigewa ƙarƙashin ƙafata, ga layina saura kaɗan in fita. Wani ya ce haba, ƙarasa mana, ai taku kaɗan ne. Na ɗaga kai, sai na hango Inna a gindin ɗorawar nan da na yi shekaru ina gadin fura. Ta biyo masu kawo abinci, abin da ta daina yi tun rasuwar Kawu. Ba ta kira ni ba, tsaye kawai take tana kallo.

Na saɓa fartanya a kafaɗa, na bar layin a inda yake, na nufi inuwar.